Tsohon Babur: Mallaka Ce Ko Amana?

Gabatarwa

Bari in fara da wata 'yar tambaya mai kama da kacici-kacici. Wani mutum ya gaji garma daga mahaifinsa. Bayan damina uku sai ƙotar ta karye, ya kai wa masassaƙi ya yi masa sabuwa. Bayan damina biyar kuma ruwan garmar ya cinye, ya je wurin maƙeri aka ƙera masa wani. To, garmar da yake saɓawa a kafaɗa yau, ita ce ta gadon, ko kuwa wata ce dabam? In ka ce ita ce, sai a ce maka ai babu ko abu ɗaya a jikinta da hannun marigayin ya taɓa. In kuwa ka ce ba ita ba ce, sai a ce to faɗa mana ranar da ta gadon ta ɓata.

Wannan tambaya ba yau aka fara ta ba. Wani marubucin ƙasar Girka mai suna Plutarch, wanda ya rayu wajen shekara 1,900 da suka wuce, ya ba da labarin jirgin ruwan wani jarumi, Theseus, wanda mutanen birnin Atina suka adana shekaru aru-aru. Duk katakon da ya ruɓe sai su cire shi su sa sabo, har masana falsafa suka rabu biyu, waɗansu na cewa jirgin yana nan, waɗansu na cewa ya daɗe da tafiya. A 1655 kuma Thomas Hobbes na Ingila ya ƙara dagula lissafin. Ya ce a ɗauka wani ya riƙa tsince tsofaffin katakan yana ɓoyewa, daga baya ya harhaɗa su ya tayar da jirgi. Wanne ne na asalin ke nan?

Ni dai ba jirgi gare ni ba, tsohon babur ne. Tambayar da ta tsaya mini a rai kuwa ta wuce ta Girkawa da taki ɗaya. Su abin da ya dame su shi ne, shin abin yana nan yadda yake? Ni abin da ya dame ni shi ne, in hannayen da suka sassauya kayan ba nawa ba ne, kuma masu hannayen ba su karɓi ko kwabo ba, to abin na wane ne? A kan wannan nake son mu yi tunani tare da mai karatu.

Asalin Babur Ɗin

Ni mutumin Dogon Daji ne, cikin Ƙaramar Hukumar Tambuwal, a kan hanyar da ta tashi daga Sakkwato ta bi ta Boɗinga da Shagari ta nufi Jega. Ga wanda bai san wurin ba, nan ne aka haifi Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi a 1923. Kakana malamin firamare ne. Sa'ad da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta karɓi rahoton hukumar Jerome Udoji na 1974, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi har da cikon watannin baya, sai kakana ya haɗa nasa rabon da kuɗin wani sa da ya sayar, ya sayi Honda CD175 a 1975. Watau babur ɗin sa'an Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ne, wadda aka kafa a wannan shekara, ya kuma girmi Jihar Sakkwato, domin sai a Fabrairun 1976 aka fitar da ita daga Jihar Arewa maso Yamma.

Kamfanin Honda na Japan ya yi ta ƙera wannan samfuri daga 1967 zuwa 1979. Ba babur ɗin tsere ba ne, an yi shi ne domin doguwar tafiya cikin natsuwa. Injinsa mai silinda biyu ne, girmansa 174 cc, iska ce ke sanyaya shi, yana da giya huɗu da kafireta ɗaya, sarƙarsa kuma a rufe take cikin kwanso don kada ƙura ta cinye ta. Fistin ɗinsa biyu tare suke hawa tare suke sauka, shi ya sa ƙararsa take da wani kauri da dattawa ke ganewa tun daga nesa. Da shi kakana ya je Argungu da Yawuri da Gusau, da shi kuma ya yi zumunci a ƙauyukan Kebbe sau ba adadi.

Da Allah Ya yi masa rasuwa babur ya faɗo cikin rabon mahaifina. Ya hau shi iyakar hawa, har kayan gyaransa suka fara wuya, babura 'yan Sin da 'yan Indiya irin su Jincheng da Bajaj suka cika gari, sai ya jingine shi a zaure. Shekara goma sha ɗaya ya yi a nan, kaji na kwana a kansa. Ran da na sami gurbin karatu a jami'a mahaifina ya kira ni gaban kawuna ya ce, "In ka iya tayar da shi, na ba ka." A riƙe wannan magana, domin za mu komo gare ta.

Hannayen da Suka Tayar da Shi

A bakin hanya a garinmu akwai wata rumfa inda masu babura ke haɗuwa da la'asar: 'yan kabu-kabu, da malaman makaranta, da mai faci, da wani ma'aikacin lafiya da ke zuwa daga Kebbe. Ba ƙungiya ba ce mai rajista. Babu shugaba, babu kati, babu kuɗin wata. Akwai dai wani dattijon bakanike da kowa ke ce wa Baba, wanda ya koyi sana'a a zamanin da irin wannan babur ke tashe. Can na tura shi, tayoyi a sace. Baba ya zagaya shi sau biyu ya ce, "Ɗana, wanga babur na san shi tun kakanka na da baƙin gemu. Jingine shi nan."

Baba bai gyara mini ba, sa ni ya yi na gyara. Ya miƙo mini sifana ya koma kan benci yana nuni da baki. A wurinsa na koyi cewa tazarar bakin kwantak, wanda ke sakin wuta zuwa fulogi, tsakanin milimita 0.3 ne da 0.4, kuma in babu ma'auni kwalin ashana ya kusa isa. Na koyi cewa tazarar bawul milimita 0.05 ce, kuma sai inji ya huce ake auna ta. Na koyi cewa matatar baƙin man wannan inji ba ta takarda ba ce, wani ɗan ƙoƙo ne mai juyawa da ke tara dauɗa a jikinsa, wanda in ba a buɗe an kankare ba inji zai ci kansa. Na koyi cewa da hunturu matatar iska ita ce ran babur, kuma man da aka saya wurin 'yan bumburutu sai a bar shi ya kwanta a tace kafin a zuba. A nan ne ma, ni da ke nazarin Hausa, na gane cewa kalmar nan "garambawul" da 'yan jarida ke yi wa majalisar ministoci, daga bakin bakanikai ta fito, wajen aikin goge bawul na inji.

Sauran mutanen rumfa kowa ya kawo nasa. Tanki ya yi tsatsa, wani ɗan kabu-kabu ya zuba masa tsakuwa da kananzir, muka yi kwana biyu muna girgizawa. Silinda ta buɗe, wani malamin makaranta ya ɗaure ta a bayan babur ɗinsa ya kai Sakkwato aka rarake ta. Fistin da ringin da za su dace da ita aka rasa a Sakkwato, aka rasa a Kano, sai wani mai shagon kayan babur, mutumin Jihar Anambra, ya aika kasuwar Nkwo ta Nnewi aka samo, bai ɗora ko sisi a kan yadda ya sayo ba. Mutumin Kebbe yana da mataccen babur irin wannan a gidansu, ya ciro wilin baya da faifan kuloci ya kawo mini a buhu. 'Yar kwalbar da ke iyo cikin kafireta ta huje, mai gyaran rediyo ya liƙe ta da darma. Wata huɗu aka yi ana wannan aiki. Ran da ya tashi, har mai shayi sai da ya bar tukunyarsa ya zo kallo.

Akwai kuma mutum ɗaya da ba na rumfa ba. Wata rana ina komowa daga makaranta, gab da magariba, mahaɗin sarƙa ya tsinke mini kusa da Shagari. Mai karatu ya san zamanin da muke ciki. 'Yan bindiga sun mayar da babur abin tsoro a arewa maso yamma, har a 2021 gwamnatocin Zamfara da Katsina da Sakkwato suka kafa dokokin taƙaita zirga-zirgar babura da sayar da fetur a jarka. A irin wannan hali, wanda ya ga baƙo a gefen hanya da almuru ya wuce, ba wanda zai zarge shi. Amma wani bawan Allah ya tsaya, ya ciro mahaɗi daga aljihunsa, ya haska mini da wayarsa har na ɗaura. Na tambayi sunansa da garinsu, ya ce, "Haba ƙanena, dare na yi," ya ba babur ɗinsa wuta. Ban sake ganinsa ba.

Wani Ba'amurke, Robert Pirsig, ya wallafa littafi a 1974 a kan falsafar kula da babur, bayan tafiyar da ya yi da ɗansa a kan Honda a 1968. Abin da ya fi jan hankalinsa shi ne natsuwar da ke tsakanin mutum ɗaya da injinsa. Wannan gaskiya ne, na kuma ɗanɗana ta. Sai dai a Dogon Daji mutum ɗaya ba ya riƙe tsohon babur, kamar yadda hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Gyara da Ƙawa

Bayan ya tashi sai aka shiga gardamar yadda za a sauya masa kama. Kawuna yana ganin a bar shi yadda Japanawa suka yi shi, domin a wurinsa duk abin da aka canja an rage wani abu na kakana. Samarin rumfa kuwa so suke a huda salansa ya riƙa tsawa, a liƙa masa fitilu masu walƙiya. Baba ya raba gardamar da tambaya ɗaya da yake yi a kan kowane abu: "Mi za ya ƙara ma tafiya?"

Da wannan ma'auni aka yi aiki. Wutarsa ta asali mai ƙarfin bolt 6 ce, fitilarsa kamar aci-bal-bal, sai aka mayar da shi bolt 12, aka canja batir da koyil da ƙwayayen fitila, aka sa wurin cajin waya. Mai walda ya ƙera kariya mai faɗi wadda za ta ɗauki buhu ko akwatin littattafai. Wani baduku ya sake wa sirdi riga da jar fatar akuyar Sakkwato. Salansa kuwa aka bar ta yadda take, domin ƙarar da ke faranta wa mahayi rai ita ce ke tayar da jaririn maƙwabci daga barci, kuma a wannan zamani ƙarar babur da dare tana iya sa ƙauye guda ya kwana a tsaye.

In aka yi lissafi yau, abin da ya rage na 1975 bai wuce firam da kwanson inji da tanki da makulli ba. Saura duk baƙi ne, kusan kowannensu kuma akwai hannun da ya kawo shi.

Ranar da Mai Saye Ya Zo

Tun daga 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin man fetur, ga kuma faɗuwar darajar naira da ta biyo baya, kowane ɗalibi ya san yadda aljihu ya koma. Ana cikin haka wani attajiri mai sha'awar tara tsofaffin ababen hawa ya ga babur ɗin a Sakkwato. Ya taya shi da kuɗin da za su biya mini rajistar shekara biyu har in sayi kwamfuta. Bai ɓoye mini nufinsa ba: zai goge shi ya ajiye a gidansa baƙi su riƙa kallo. Na gaya wa mahaifina, ya ce, "Ai na riga na ba ka, sai ka yi abin da ka gani." Amma na kwana ban yi barci ba. Abin da ke yi mini yawo a ka shi ne, me zan sayar? Wilin mutumin Kebbe? Wata huɗun Baba? Na kai maganar ga abokaina biyu, kowannensu ya ba ni amsa mai ƙarfi.

Na farko ɗalibin shari'a ne. Ya ce babu wata matsala a nan sai wadda na ƙirƙira. Takardu suna bin lambar firam da ta inji, su kuwa suna nan. Mahaifina ya yi mini kyauta gaban shaida, na cika sharaɗi, na kuma karɓa, a fiƙihun Malikiyya kuwa kyauta tana kammala da karɓa. Ya ƙara da cewa malamai, kamar yadda ya zo cikin Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani, sun bambanta kyautar da aka yi don a saka da wadda aka yi don zumunci ko don lada. Ta farko hukuncinta ya yi kama da na ciniki, ko a biya ƙimarta ko a mayar. To, a cikin mutanen rumfa babu wanda ya nuna, da baki ko da alama, cewa yana jiran sakayya. Saboda haka duk abin da suka ɗaura ya zama nawa tun ran da aka ɗaure notinsa.

Na biyu ɗalibin nazarin zamantakewa ne. Ya ce takarda ba ta san gumi ba. Ya kawo John Locke na Ingila, wanda ya kafa hujjar mallaka a kan cewa mutum yana gauraya aikinsa da abu sai abin ya zama nasa. Ya ce in haka ne, gumin wa ya fi yawa a jikin wannan ƙarfe? Ya kuma kawo Marcel Mauss na Faransa, wanda a littafinsa na 1925 ya nuna cewa a al'ummomi da yawa kyauta tana tafe da wajibai uku: a bayar, a karɓa, a rama. Ya ce abin da attajirin nan yake taya ba kwarangwal ɗin da kaji suka kwana a kai ba ne, babur ne mai tafiya, tafiyar kuwa rumfa ce ta ba shi. Saboda haka in na sayar, adalci shi ne in kasa kuɗin kowa ya ɗauki rabonsa.

Inda Kowannensu Ya Tsaya

Maganar ɗalibin shari'a daidai ce, amma ta tsaya inda alƙali ke tsayawa. Alƙali aikinsa shi ne ya faɗi abin da za a iya ƙwacewa daga hannunka. Bai ce wannan ne iyakar abin da ake bin ka ba. A laccarsa da aka buga a 1974, A. H. M. Kirk-Greene ya jera halaye goma da Bahaushe ke auna mutumin kirki da su, watau gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Nawa ne daga cikinsu ake iya kai ƙara a kansu? Ba a taɓa ɗaure mutum don ba shi da kunya ba, amma duk mun san abin da ake nufi in aka ce wane ya ci ya goge baki.

Maganar ɗalibin zamantakewa kuwa ta fi taɓa zuciya, amma in aka gwada ta sai ta karye. A ɗauka na ƙirga kuɗi na kai wa Baba na ce ga ladan wata huɗunka. Na biya shi ne ko na zage shi? Na mayar da shi ɗan ƙwadago ke nan, alhali shi uba ya ɗauki kansa. Raba kuɗin zai komar da alherinsu ya zama jari, ya ƙwace musu abin da suka yi niyya tun farko. Ban da wannan ma, bawan Allah na Shagari fa? Mahaɗin sarƙa ba wani abin kuɗi ba ne, amma tsayawar da ya yi da almuru da me za a auna ta, kuma a ina zan same shi?

A nan ne na ga cewa mu duka uku mun ɗauka bashi iri ɗaya ne. Bahaushe kuwa ya san aƙalla iri uku. Akwai rance, wanda ake biyan mai shi daidai abin da ya bayar, a ranar da aka yanka. Akwai biki, irin wanda iyayenmu mata ke yi wa juna ran suna ko aure, wanda shi ma mai shi ake mayar wa, amma sai tasa hidimar ta tashi, kuma akan ɗora wani abu a kai. Sa'an nan akwai bashin alheri. Shi wannan ba a mayar wa wanda ya bayar, gaba ake miƙa shi. Baba da kansa wani ne ya koya masa riƙon sifana, wannan mutumin kuwa ƙasa ta daɗe da rufe idonsa. Ta ina Baba zai biya shi in ba ta kaina ba? Ashe ran da yake zaune a benci yana nuna mini tazarar bawul, ba bashi yake ba ni kawai ba, nasa yake saukewa.

In haka ne, amsar tambayata ita ce: ƙarfen mallaka ne, nawa ne, ina da ikon sayarwa. Amanar ba a jikin babur take ba, a wuyana take. Abin da aka ba ni ajiya shi ne sani, da kuma layi, watau ranar da zai zama ni ne zan tsaya.

Wata Suka da Amsarta

Mai karatu yana iya cewa, bashin da ba shi da mai bi, ba shi da adadi, ba shi da ranar biya, ai ba bashi ba ne, daɗin baki ne kurum da mutum zai lallashi kansa da shi ya ci bulus. Wannan suka tana da nauyi, domin mun sha ganin masu cewa "Allah Ya saka" alhali abin sakawar yana cikin aljihunsu.

Amsata ita ce, ranar biya tana nan, sai dai ba a rubuta ta ba. Ita ce ranar da ka hango wani yana tura babur cikin rana, ko wani yaro ya zo rumfa da inji a buhu. Adadi ma yana nan, shi ne gwargwadon abin da ka iya. Mai bi kuwa ita ce rumfar kanta. Mu dubi gayya. Ba wanda ke rubuta sunayen waɗanda suka zo gonarka, amma in masu cin gayya suka yi yawa, masu zuwa gayya suka ƙaranta, sai al'adar ta mutu, kowa ya koma neman 'yan ƙwadago da kuɗi, wanda ba shi da su kuwa gonarsa ta kwana. Haka ta faru a ƙauyuka da dama. Bashin da rashin biyansa ke iya kashe al'ada guda, ban ga dalilin da za a ce ba bashi ba ne.

Wannan ya komo da mu ga jirgin Girkawa. Plato ya ambata cewa mutanen Atina sukan aika da jirgin nan tsibirin Delos kowace shekara, har ma jiran komowarsa ne ya jinkirta kashe Socrates a shekara ta 399 kafin haihuwar Annabi Isa. Watau ba jingine shi suka yi ba, tafiya yake yi, don tafiyar ne kuma ake sauya katakan. A ganina abin da ya sa babur ɗina yake na kakana har yau ba firam ba ne, kulawa ce da ta taso daga hannu zuwa hannu, da kuma hanyoyin Kebbe da Tambuwal da bai daina bi ba. Ran da aka goge shi aka ajiye don kallo, ya zama jirgin Hobbes: kaya sun cika, tafiya ta ƙare.

Abin da Na Tsayar

Na kai maganar rumfa, na faɗa musu tayin da aka yi. Baba ya ce, "Ɗana, in karatunka ya bukata, sai da shi, ƙarhe na. Mu ba mu bin ka ko kwabo. Amma sifanar da nib ba ka, ita kam ba ta sayarwa ba ta."

Ban sayar ba. Kuɗin rajista na haɗa su da dakon buhuna a kan kariyar nan ranakun kasuwa lokacin hutu, da ɗan abin da na samu a noman rani. Ba na cewa wanda ya sayar a irin halina ya yi laifi, domin tilas ba ta rasa ɗakin kwana. Dalilina shi ne, bashin hanya a hanya ake biyansa, kuma muddin ina da wata mafita ban ga amfanin sauka daga kan abin da zan biya da shi ba. Yanzu kullum akwai mahaɗin sarƙa biyu da fulogi da faci a ƙarƙashin sirdina.

In kuwa wata rana tilas ta zo, na ɗaukar wa kaina abu uku. Na ɗaya, mutanen rumfa ne za su fara ji, in akwai mai so a cikinsu shi ne gaba. Shari'a ta ba abokin tarayya irin wannan haƙƙi na shuf'a a gida ko gona, ba ta ɗora shi a kan babur ba, amma kunya ta ɗora. Na biyu, zan gaya wa mai saye duk abin da aka canja, kada ya biya kuɗin 1975 ya tafi da abin da ba shi ba. Na uku, sifana da abin da aka koya mini da ita suna nan, kuma duk yaron da ya zo zan miƙa masa ita in koma kan benci.

Kammalawa

'Yan'uwana ɗalibai, ban kawo wannan dogon bayani don in burge ku da tsohon ƙarfe ba. Kowannenmu nan gaba kaɗan za a miƙa masa takarda mai ɗauke da suna ɗaya tak, kamar takardun babur. A shari'a tasa ce, ba wanda zai raba ta da shi, yana kuma da ikon cin abinci da ita. Amma in ya kwance kansa ƙusa-ƙusa zai tarar da malamin allo, da malamin firamare da ya koyar ko da albashi ya makara, da inna da ta sayar da tunkiya, da direban da ya ce bar kuɗinka ɗan makaranta, da talakan da bai taɓa taka harabar jami'a ba amma da dukiyar ƙasarsa aka gina ta. Mafi yawansu ba za mu sake ganinsu ba, waɗanda za mu gani kuwa ba za su karɓa ba. Masu iya magana sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin da ya bambanta mutane shi ne, wani ya san da nasa, wani kuwa sai ya ce shi ya yi kansa.

Allah Ya sa mu gane ranar biya in ta zo, Ya kuma ba mu ikon tsayawa. Amin.